Fentin Jirgin Yaƙi da Launin Tutar Giginya

Kwanakin nan hotunan zamanin zuwan Turawa sun cika Facebook da WhatsApp, an shafa musu launi da kwamfuta: rawani fari fat, dogarai cikin ja, tuta koriya shar. Daga teburin mai shayi a bakin iyakar Illela har ɗakunan ɗaliban jami'a, turawa ake yi ana cewa ga tarihi ya fito fili. Canki-canka ne kawai. Na'urar toka-toka ta gani, ta liƙa launin da ya fi mata kama. Hoton asalin ma ba abin dogaro ba ne, domin farantin ɗaukar hoto na wancan zamani yakan mai da ja ya koma baƙi, shuɗi kuma ya yi haske.

Masu tarihin jiragen ruwa na yaƙi sun daɗe da sanin haka. Jirgin Amurka Arizona, wanda Japan ta nutsar a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941 da mutum 1,177, hotunansa na nan, takardun rundunar ruwa na nan, amma an yi shekaru ana musu ko toka mai duhu ne a jikinsa ranar ko shuɗi. Umarnin a sake fenti daban, shafa fentin daban. A Ingila kuwa, jirgin Victory na yaƙin Trafalgar a 1805 yana ajiye a Portsmouth, kowa ya saba ganinsa da ratsin baƙi da rawaya mai ƙarfi. Da masana suka kankare katakonsa suka tarar da fenti hawa 72 a wani wurin, kuma na lokacin yaƙin kodadde ne mai ɗan jaja-jaja. A 2015 aka mayar masa da shi, masu gunaguni suna yi. Duk wanda ya taɓa duba tsohuwar motar kaya da ke jiran layi tsakanin Illela da Ƙwanni, inda fenti ya ɓare wani ya leƙo daga ƙasa, ya fahimci dabarar.

Wani zai ce ina ruwanmu da jirgi, mu da ko teku ba mu da shi, kuma launi ba ya cika ciki. To ai mu ma muna da namu, mun dai ƙi dubawa ne. Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya da ke Sakkwato, bayan rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta watse gaban bindiga mai ruwa, wasu tsiraru suka tsaya kewaye da tuta har aka kashe su. Tutar ta faɗa hannun Turawa, ta kuɓuce musu, sai a Burmi ranar 27 ga Yuli suka sake kama ta, inda Attahiru ya yi shahada. A 1960 aka dawo da ita hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Turawan da suka rubuta labarin Giginya koriya suka kira ta, kuma a kan wannan kalma ɗaya ake zana tutar daula duka, kamar dai tutocin da Shehu ya ba Modibbo Adama da Yakubun Bauchi da Buba Yero da Ummarun Dallaje kusan shekara ɗari kafin nan daga bandir guda aka yanko su.

Masu cewa ai kakanninmu sun ba da labari, su ma sai a yi hattara, ba don tsofaffi na ƙarya ba, sai don kalmar launi tana da santsi. A bakin mutanen da, kore sunan riga ce da aka rina da baba aka buga har tana ƙyalli, wadda yaron yau zai rantse baƙa ce. Abin da muke kira kore yanzu, su tsanwa ko algashi suke cewa. Rinin da ya yi duhu kuwa baƙi ne a wurin marini, ko da shuɗi ne a ido. Idan tafinta ya ji "kore" ya juya wa Bature, me ya shiga takarda? Ga rana da ƙura da hayaƙi, masu mai da farin ƙyalle ruwan ƙasa.

Saboda haka ƙyallen kansa ne alƙali. Zare ɗaya ya isa a gane a ɗakin gwaji ko baba ne, ko ƙaran dafi, ko rinin kanti da fatake suka kawo daga Turai, wanda zai ma nuna shekarun tutar. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da sashen kimiyyar sinadarai da na tarihi, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu na cikin gari ɗaya da su, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa na da ofis. Me ake jira, sai asu ya gama aikinsa? Su nemi izinin fada, su gwada, su buga sakamakon da Hausa. Aikin kuma kada ya tsaya a Sakkwato: ga Birnin Ƙwanni nan tsallaken iyaka, wanda sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka ƙona a watan Mayun 1899. Duk gidan sarautar da ke da tsohon lifidi ko rigar yaƙi ko layu a adaka, a ɓangaren Illela da Gwadabawa ko na Nijar, a je a rubuta, a ɗauki hoto da ma'aunin launi a gefe, tun masu sanin kayan wane ne suna da rai.