Fitilar Taya da Ta Ƙi Mutuwa

A Adjamé Saint-Michel, magidanta da dama cikinmu suna tuƙa mota wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ci a gabansu, mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Wasu har sukan liƙe ta da takarda. Wannan ganganci ne, musamman ga mai shirin ɗaukar iyali ya hau babbar hanyar Yamoussoukro lokacin Sallah.

Fitilar tana faɗakarwa ne cewa iskar taya ta ragu. Amurka ta wajabta na'urar ga sababbin motoci tun 2007, bayan haɗurran tayoyin Firestone, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Tun da aka hana shigo da ƙananan motocin da suka haura shekara 5 ƙasar nan a 2018, motoci masu ita suka yawaita.

Matakin farko shi ne awo. A gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi, a bi lambar da ke manne jikin ƙofar direba, ba wadda ke jikin taya ba. Waccan iyaka ce kawai. Bugun taya da ƙarfe, kamar yadda wasu masu faci suke yi, ba awo ba ne. A duba sifiya ma, domin a wasu motocin ita ma tana da na'urar. Sanyin hunturu shi kaɗai kan rage iska.

Idan iska ta cika, aka ɗan yi tafiya, fitila ba ta mutu ba, sai a lura da ita lokacin tayar da mota. In ta yi ƙyaftawa kusan minti 1 sannan ta tsaya, laifin na na'urar ne. Ma'aunin yana cikin taya, a gindin bakin da ake ɗura iska, batirinsa kuwa kan ƙare tsakanin shekara 5 zuwa 10. Akan kuma fasa shi wurin ciro taya da lebare. A nan muke shawartar a gargaɗi mai faci kafin ya sa hannu, a kuma sani cewa ma'aunin motar Amurka ba lallai ne ya yi aiki a ta Turai ba.

Wasu motocin ba su da ma'auni a taya, juyawar ƙafafu suke ƙirgawa ta hanyar ABS. Irin waɗannan sai an sake saita su da maɓalli bayan kowace ɗurar iska.