Duka A Cikin Gida: Ina Wanda Aka Cuta Zai Kai Kuka?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.).

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayenmu, sau da yawa idan mace ta zo gidansu da rauni a jiki, abin da ake fara ce mata shi ne, "Ki yi haƙuri, haka zaman aure yake." Haƙuri ibada ne, babu shakka. To amma Musulunci bai ɗora wa kowa ya zauna ana illata shi ba.

Matakin farko shi ne sulhu. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tayar da masu sasantawa biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Idan sulhu ya faskara, sai a nufi alƙali. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Halilu, matar da ta tabbatar wa alƙali ana cutar da ita tana da haƙƙin a raba auren, ba tare da ta fanshi kanta da hul'i ba.

Ta ɓangaren gwamnati kuma, a shekarar 2015 an kafa dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP. Tana aiki ne a Abuja, amma jihohi da dama sun kafa irinta, kamar Kaduna a 2018. A dokar ta Abuja, wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyun.

Abin da mutane suka fi jahilta a dokar shi ne umarnin kariya. Takarda ce da kotu take bayarwa, ta hana mai cutarwa sake duka ko barazana, ta kuma iya hana shi shiga inda wadda aka cuta take zaune ko wurin aikinta. Wannan takarda ba saki ba ce, ba kuma ɗauri ba. Katanga ce kawai tsakanin mutum da cuta. Idan akwai haɗari a kusa, kotu tana iya ba da na wucin gadi tun kafin a saurari ɗaya ɓangaren. Wanda ya karya umarnin kuwa, kama shi za a yi.

Wa zai nema? Ita kanta, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin asibiti, ko ma malamin makaranta a madadinta, da izininta a rubuce. Idan yaro ne ake azabtarwa, ba sai an jira wannan izini ba. Saboda haka ɗalibi, in kana cikin irin wannan hali, gaya wa malaminka.

Wanda aka ji wa rauni ya fara zuwa asibiti, ya karɓi takardar likita ya adana, ya kuma riƙe sunayen shaidu, domin alƙali da hujja yake aiki. Maras kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. A can ne za a faɗa masa dokar da ke aiki a jiharsa.

Shi ma wanda ake tuhuma yana da haƙƙi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauke shi maras laifi har sai an tabbatar, kuma yana da damar kare kansa da lauya. Abin da ya kamace shi shi ne ya amsa sammaci, kada ya gudu, kada kuma ya tsorata shaidu.

Iyaye, kada kunyar surutun unguwa ta sa a mayar da yarinya inda ranta yake cikin haɗari. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.