Ranar da Malamar Gwaji Ta Fara Kunna Majigi a Aji

Yau hirarmu ba ta girki ba ce, ba kuma ta kwalliya ba. Makaranta za mu leƙa, ajin kimiyya na ƙaramar sakandare, inda ɗanki ko 'yarki ke zaune da safe yayin da kike fama da aikin gida. Wataƙila ma ke ce uwar malamar, domin gidajenmu da yawa akwai 'yar da ke karatun NCE, wadda wata rana za ta ce miki, "Umma, an tura mu TP."

TP ɗin nan ita ce koyarwar gwaji. Karatun NCE shekara 3 ne a kwalejin ilimi, kuma ba a ba ɗaliba shaida sai ta shafe makonni tana koyarwa a wata makaranta, malaman kwalejinta suna zuwa duba ta suna ba ta maki. Haka tsarin yake a kwalejojin da hukumar NCCE ke kula da su tun kafa ta a 1989, har da Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Tarayya da ke Gusau, wadda mata zalla take ɗauka.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya faru da 'yar ƙanwata. An tura ta wata makarantar 'yan mata ta je-ka-ka-dawo, aka ba ta darasin kimiyya, ajin kuwa ɗalibai sun haura 70. A mako na uku sai shugabar makarantar ta buɗe mata sito, ta nuna mata majigi sabo fil a cikin kwalinsa, ta ce an daɗe da kawo shi amma babu wanda ya taɓa shi, kowa na tsoron kada ya lalace a hannunsa. Ta ce, "Ku 'yan zamani ne, ki gwada mana."

Kin san majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawan mulki ake yawo da shi a mota gari-gari, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada da dare, a nuna wa jama'a fim kan tsafta da noma. Na yanzu dai ƙarami ne, bai wuce girman akwatin rediyo ba. Ana haɗa shi da kwamfuta, duk abin da ke fuskarta sai ya haska shi a bango, ya yi girma yadda na bayan aji ma zai gani.

Darasin da yarinyar nan ta zaɓa shi ne yadda wutar lantarki ke tafiya a cikin waya. Ta samo wata manhaja ta kyauta mai suna PhET, wadda Jami'ar Colorado ta Amurka ke yi, wani masanin kimiyya mai suna Carl Wieman ne ya assasa ta a 2002, bayan ya ci lambar Nobel a 2001. A cikinta mutum zai jawo hoton batir da waya da ƙwan fitila ya haɗa su, yana rufe hanyar sai ƙwan ya kama, ka ga wasu ƙananan ɗigo suna zagayawa, alamar tafiyar wuta. Ana iya sauke ta a ajiye, ta yi aiki ko babu intanet. Kwana uku yarinyar nan tana shiri, har tana cewa wannan darasi sai an daɗe ana labarinsa.

Yadda ranar farko ta kasance

Uwargida, an kuwa yi labarinsa. Da farko soket ɗin ajin yana can kusa da ƙofa, wayar majigin ba ta kai ba, sai da aka aika ofis aron doguwar waya. Da aka kunna, hasken rana ya cika ajin, hoton ya dusashe kamar atamfar da ta sha wanki. Aka rufe tagogi, zafi ya taso, 'yan mata suka fara fifita da littattafai. Na baya suka hau benci don su gani, na gaba suna ɗaga hannu cikin hasken suna yin inuwar zomo a bango. Darasin minti 40 ne, 20 sun tafi ba a fara komai ba. Tana haɗa batir da waya ke nan, ƙwan hoton ya kama, ajin ya ɗauki "Laaa!", sai aka ɗauke wuta.

Ki duba abin mamaki: ana koyar da lantarki, lantarki ya gudu. Ajin ya fashe da dariya. Malamar ta tsaya riƙe da alli, ba ta tanadi komai ba bayan majigin, ko hoton da za ta zana a allo ba ta shirya ba. Ta dawo gida ido jajur, ta ce wa mahaifiyarta ita ta haƙura da koyarwa, gara ta zauna ta yi ɗinki.

A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani, domin a irin wannan yammaci ake samun malama ko a rasa ta. Da uwar ta ce, "Dama na faɗa miki wahala ce," da shi ke nan. Ita kuwa sai ta zaunar da ita, ta ba ta abinci, sannan ta tambaye ta: "Abin da kika so nuna musu a bango, ba za a iya taɓa shi da hannu ba?" Uwar nan ba ta yi karatun boko mai zurfi ba, amma ta san ba a koya wa yarinya tuƙa tuwo da baki, sai an miƙa mata muciya.

Rana ta biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin darasi na gaba ta je makarantar bayan an tashi, ta gwada majigin a ajin, ta gano bangon da hasken taga ba ya kaiwa. Ta nemi izini a tayar da janareta na minti goma kacal. Ta sayi batiran tocila, ta samo ƙananan ƙwayayen fitila da guntayen waya a wajen mai gyaran rediyo. Daga kicin kuma ta ɗebo cokali, da ƙusa, da tsinken tsintsiya, da tsohon silifas. A gida ta tara ƙannenta ta koyar da su darasin tun daga farko har ƙarshe, uwar na riƙe da agogo.

Ranar darasi ba ta fara da majigi ba. Tambaya ta fara jefa musu: me ya sa idan ƙwan ɗakin Umma ya mutu, na tsakar gida ba ya mutuwa? Kowa ta faɗi nata. Sannan aka kunna majigin, ta kira ɗalibai biyu su haɗa hoton da hannunsu. Suka jera ƙwai biyu a hanya ɗaya, aka cire ɗaya, duka suka mutu. Suka sake haɗawa, kowane ƙwai da tasa hanyar zuwa batir, aka cire ɗaya, ɗayan ya ci gaba da haske. Ta ce musu to haka ake haɗa wutar gida. Minti goma na cika aka kashe janareta, ta raba ajin rukuni-rukuni, kowane da batir da waya da ƙwai. Suka sa cokali a tsakanin wayoyi biyu, ƙwan ya kama. Suka sa ƙusa, ya kama. Suka sa tsinke da silifas, shiru. Da kansu suka gano ƙarfe na ba wuta hanya, roba da busasshen icce ba sa ba ta, kuma dalilin ke nan da ya sa ake lulluɓe wayar lantarki da roba.

Ta kuma ja musu kunne sosai. Batirin tocila ƙarfinsa bolt 1.5 ne, ba ya cutarwa, amma wutar soket ta kai kimanin bolt 230, tana kisa. Kada wadda ta kuskura ta kai wannan gwaji bango, kada kuma a taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu. Ke ma uwargida ki maimaita wa naki yaran wannan.

Malamin da ya zo duba ta daga kwaleji ya yaba da yadda ɗaliban suka yi aiki da hannunsu, majigin kuwa ko a jikinsa. Gaskiyarsa. Na'ura tana nuna abin da ido ba ya iya gani, kamar tafiyar wuta cikin waya ko gudun jini a jijiya, gani kuwa ya kori ji. Amma na'ura ba ta san sunan yarinyar da ke ɓuya a bencin baya ba, ba ta kuma san lokacin da aji ya daina fahimta ba. Wannan aikin malama ne.

Ina ruwanki da wannan?

Ruwanki da yawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarabawa, an cuce ta ko da ta fi kowa ilimi. Ƙaramar sakandare kuma, wadda dokar UBE ta 2004 ta sanya cikin shekara 9 na karatun dole, ita ce inda yarinya ke yanke wa kanta hukunci ko kimiyya tata ce ko ta wasu. Mukan koka idan mun je awo ko haihuwa ba mu sami likita mace ba. Likitar nan da muke nema, a irin wannan aji take fara son karatun, sau da yawa kuma a hannun malama mace da ta gani ta ce ni ma zan iya.

Don haka idan 'yarki ce ke koyarwar gwaji, ki rage mata aikin gida a waɗannan makonni, ki bar ta ta yi gwajin darasi a kan ƙannenta, ki riƙa tuna mata ta tanadi abin yi idan wuta ta tafi. Idan ta yi aure, ki yi wa maigidanta bayani ya ba ta goyon baya. Ranar da ta dawo da kuka, kada ki taya ta karaya.

Idan kuma ɗalibai gare ki, ki canza tambaya. Maimakon "An ba ku aikin gida?", ki ce "Me kuka gani yau? Nuna mini." Ba sai kin iya Turanci ba, yaron da ya iya bayyana miki darasi da Hausa ya fahimce shi. In kina da babbar waya, akwai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, mai ɗauke da darussa kyauta har da na Hausa. Ki zauna kusa da su lokacin da suke dubawa, kada ki miƙa musu waya ki tafi. Sannan idan an kira taron iyaye da malamai, ki je, ki tambaya ko akwai kayan da ke kulle a sito ƙura na cin su, da yadda iyaye za su haɗa kuɗin mai ko na sola.

'Yar ƙanwata dai ta gama TP ɗinta lafiya. Kafin ta tafi, malamai mata biyu na makarantar suka roƙe ta ta nuna musu yadda ake haɗa majigin, yanzu ya bar kwali. Keken ɗinkin yana nan, takan hau shi da yamma, amma ba ta ƙara zancen barin alli ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.