Yadda Tsutsar Teku Ke Ƙera Gashinta

Idan damina ta kankama a Zariya, tana takan fito bayan ruwan dare, a gan ta a bakin lambatu a Palladan ko a lambunan fadamar Kubanni. Wanda ya ɗora ta a kan busasshiyar takarda ya kasa kunne, zai ji wani ɗan ƙaraf-ƙaraf yayin da take jan ciki. Abin da ke wannan ƙara wani gajeren gashi ne mai tauri, galibi sili 8 a kowace gaɓa ta jikinta, wanda take kafawa a ƙasa don kada ta zame. To amma a cikin danginta tana matalauciya ce. 'Yan'uwanta na teku, waɗanda aka san irinsu fiye da 10,000, gashinsu dami-dami ne, yana fitowa daga wasu 'yan ƙafafu na tsoka da ke jere a gefen jiki.

Sunan gashi kawai ya ara, domin ba irin na mutum ko na akuya ba ne. An gina shi ne da sinadarin kaitin, watau dangin abin da ke taurara ɓawon fara da na kunama. Siffarsa kuwa iri-iri ce. Akwai mai kama da allura, akwai mai haƙora kamar zarto, akwai ƙugiya wadda tsutsar da ke zaune cikin bututu ke maƙalewa da ita, har da mai gaɓa a tsakiya wanda ke lanƙwasa. Na wata tsutsa da ake kira Hermodice karyewa yake yi cikin fatar wanda ya taɓa ta, ya bar masa zafin da ya fi na ƙaiƙayin gero.

Abin mamakin yana wajen ƙira. Kowane sili yana tsirowa ne daga wani ɗan rami a fata, a gindin ramin kuma akwai ƙwayar halitta guda ɗaya tak wadda ita ke tsara siffarsa. A saman wannan ƙwaya akwai wasu 'yan yatsu sirara ƙwarai, sai da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki ake ganinsu. A jikin yatsun ne kaitin ke taruwa yana daskarewa, sabon da ya taru yana tura tsoho waje. Saboda haka tsinin gashi shi ne ɓangarensa mafi tsufa, kamar dai farce. Idan aka yanka silin a gicciye, sai a ga cikinsa duk 'yan kafofi ne a jere, kowace kafa gurbin yatsa ɗaya ce.

Yatsun nan ba sa tsayawa wuri guda. Sukan miƙe, su janye, su haɗu, su karkata, kuma kowane motsi yana barin alamarsa a jikin silin. A shekarar 2024 masana a Jami'ar Biyena ta ƙasar Ostiriya, a ƙarƙashin Florian Raible, suka bi wannan aiki daki-daki a jikin wata tsutsa mai suna Platynereis dumerilii. Sun nuna cewa duk lokacin da wasu yatsu suka miƙe suka janye, sai haƙori ɗaya ya samu a bakin zarton, cikin kimanin minti 30 zuwa 40. Ke nan mai duban haƙoran yana karanta tarihin motsin ƙwayar ne, tamkar mai bin sawu a rairayi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Samaru ko Sabon Gari da tsutsar da ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri? Amsar tana gaɓar tekun Nijeriya. Tsutsotsin nan sun yi kama da juna ainun, sau da yawa sai an duba siffar gashinsu kafin a rarrabe wannan iri da wancan. Rarrabewar kuwa ba wasa ba ce, domin wasu irin, alal misali Capitella, sukan yawaita ne a lakar da ƙazanta ta yi wa yawa, bayan sauran halittu sun ƙaurace. Masu binciken lafiyar ruwa a tafkin Legas da yankin Neja Delta sukan ɗebo laka, su tace, su ƙirga waɗanne tsutsotsi ne a ciki. Wanda bai iya bambance ƙugiya da allura a ƙarƙashin madubi ba, lissafinsa zai kauce tun daga tushe.