Fiziks da Kemistiri a kwalejin kusa da gida: Ina takardar ke kai ɗan manomi?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi ko ta Ɗambatta da damina ya ga yadda gonaki suka matsu. Babu filin da ake bari ya huta. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ke rabonta kunya-kunya. Shi ya sa idan aka sayar da rago ko buhunan gero aka biya wa yaro kuɗin makaranta, gidan gaba ɗaya ne ke jiran sakamako.

Kimiyya ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma ba kowa ke samun makin JAMB da zai kai shi karatun likita a Jami'ar Bayero ba. Sauran fa?

NCE ko difloma

Hanya mafi kusa ita ce Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, inda ake yin NCE na shekara 3 a darussa irin su Fiziks, Kemistiri da Lissafi. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, malamin Fiziks kuwa abin nema ne a makarantun karkara. Matsalar ita ce albashi, musamman a makarantu masu zaman kansu, inda wani kuɗin ba ya kai mutum tsakiyar wata.

Hanya ta biyu ita ce difloma ta shekara 2 a fasahar ɗakin gwaje-gwaje, wadda ɗalibai ke kira SLT, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano.

A nan ne iyaye da yawa ke yin tuntuɓe. Suna jin an ce ɗakin gwaji sai su ɗauka yaron zai dawo yana gwajin jini a asibiti. Ba haka ba ne. Gwajin asibiti karatu ne dabam mai hukumarsa da lasisinsa. Mai SLT wurinsa shi ne ɗakin gwaji na makaranta, ko masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, ko matatar ruwa irin ta Tamburawa, inda ake auna alif da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin a saki ruwa. Guraben kaɗan ne, masu nema kuma tuli.

Mai NCE ko difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hanyar JAMB. Ni da ke riƙe da HND, na san yadda ake kallon takardarmu a wajen ɗaukar aiki idan aka ajiye ta kusa da digiri. Wanda ya samu halin ƙarasawa, ya ƙarasa.

Sai dai abin da na fi ganin alamar ci a cikinsa ba a ofis yake ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, masu noman rani a kewayen madatsun Watari da Thomas ke neman mafita daga injin ban-ruwa mai shan mai, kuma hankali ya karkata ga sola. Wanda ya fahimci lissafin wuta ya san faranti nawa famfo ke buƙata, da kaurin wayar da za ta ɗauka ba tare da ta yi zafi ba. Mai haɗawa da ka sai famfo ya ƙone yake gane kuskurensa, a lokacin kuwa tumatir ya riga ya yi yaushi.