Dutsen Dokoki Goma da ya raba alƙalin alƙalan Alabama da kujerarsa

A daren 31 ga Yulin 2001, Roy Moore, alƙalin alƙalan jihar Alabama ta Amurka, ya sa aka girke wani ƙaton dutse a zauren ginin kotun ƙolin jihar da ke Montgomery. Nauyinsa ya kai kilo 2,400, an kuma sassaƙa masa Dokoki Goma na Annabi Musa kamar yadda suke a Baibul. Bai yi shawara da sauran alƙalai takwas na kotun ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ina laifi a rubuta kada a yi kisa ko sata a gidan shari'a? Matsalar tana cikin kundin tsarin mulkin Amurka. Gyaran farko da aka yi masa a 1791 ya bai wa kowa 'yancin yin addininsa, ya kuma hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Ginin kotun kuwa na gwamnati ne, Kirista da Musulmi da Bayahude da marar addini duk can suke kai ƙara. Lauyoyi uku suka maka Moore a kotun tarayya. Shi kansa bai ɓoye ba, ya ce ya kafa dutsen ne don a san ikon Allah yana sama da dokar ƙasa. Wannan magana ta ƙarfafa hujjar masu ƙara. A Nuwamban 2002 mai shari'a Myron Thompson ya ce dutsen ya saɓa wa tsarin mulki, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Yulin 2003.

Daga nan rigimar ta tashi daga batun dutse ta koma batun biyayya ga kotu. An ba Moore wa'adin 20 ga Agusta, ya ce atafau ba zai cire ba. Magoya bayansa suka yi ta kwana a ƙofar ginin suna addu'a. Abokan aikinsa takwas suka haɗu suka ba da umarni, aka janye dutsen a 27 ga Agusta. A 13 ga Nuwamba kotun ladabtar da alƙalai ta jihar ta tuɓe shi. Babban lauyan jihar, Bill Pryor, wanda ya gurfanar da shi, shi ma yana ganin nuna Dokoki Goma ba laifi ba ne, amma ya tsaya a kan cewa alƙali ba ya bijire wa hukuncin kotu. Ina ganin gaskiyarsa. In babban alƙali zai zaɓi hukuncin da zai bi, da wane baki zai tilasta wa talaka ya bi nasa?

Kotun Ƙolin Amurka ba ta kashe maganar ba. A rana guda, 27 ga Yunin 2005, ta halatta irin wannan dutse a harabar majalisar Texas, saboda ya shekara wajen arba'in cikin wasu abubuwan tarihi, ta kuma haramta kwafin Dokokin da aka rataya a kotunan Kentucky, saboda manufarsa addini ce ƙarara. Kowane hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu aka yi shi. A 2024 jihar Louisiana ta yi dokar liƙa Dokoki Goma a kowane aji na makarantun gwamnati, wasu iyaye kuma suka garzaya kotu.