Ko Ka San Yawan Ruwa Ne Ke Kashe Kariya?

Daga Nuwamba zuwa Afrilu, manomin Lajawa a ƙasar Wudil ba ya sa ran ko ɗigon ruwan sama. Ciyawa ta bushe, gonaki sun koma kara da ƙura. A tsakiyar wannan rani ne bishiyar kariya ke zubar da ganye, ta cika rassanta da jan fure, alhali ba wanda ya ba ta ruwa.

Sirrin yana gindinta. Ƙasan jikinta kumbura yake yi kamar tulu, cike da tsoka mai laushi wadda ke shan ruwa da damina ta ajiye don rani. Zubar da ganyen ma dabara ce, domin ta ganye ruwa ke ficewa daga jikin tsiro. Tsayinta ba ya cika wuce mita 3. Masana na kiranta Adenium obesum, kuma danginta ɗaya da tumfafiya: idan kwanson 'ya'yanta ya fashe, irin yakan fito da gashi, iska ta ɗauke shi. Tana fitowa da kanta daga Senegal har Somaliya da Yemen.

Mai son shuka ta ya nemi jigawa, inda rana ke duka sosai kuma ruwa ba ya kwanciya. Fadama da laka ba nata ba ne. Idan ruwan Agusta ya taru a gindinta, saiwar ta ruɓe, tsiron da ya jure watanni shida na fari ya mutu cikin 'yan makonni. A tukunya kuwa, dole a huda ƙasanta, a gauraya ƙasar da yashi. Reshen da aka yanka a bar shi a inuwa 'yan kwanaki bakin ya bushe kafin a dasa, sai dai ba ya cika yin ƙaton gindi kamar wadda aka shuka daga iri.

Ruwan jikinta guba ne mai taɓa zuciya. Mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya, masunta kuma suna kashe kifi da shi. Bai kamata a dasa ta inda yara ke wasa ba, kuma wanda ya yanke ta ya wanke hannu kafin ya taɓa ido ko abinci.

Abin takaici, a nan ba a ɗauke ta da daraja ba, alhali a Tailan manoman fure sun mai da ita sana'a, suna aurar da iri-iri suna sayarwa ƙasashen duniya.